Kafin A Isa Asibiti: Rigakafin Kashe Kai A Giade Da Ƙasar Katagum

Mutumin da duniya ta yi wa zafi har ya fara tunanin halaka kansa a garin Giade, ko a Isawa, ko a wata ruga da ke bayan gari, da wuya ya haɗu da likitan ƙwaƙwalwa a kwanakin da yake cikin hatsari, domin likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200, kuma galibinsu suna zaune ne a manyan birane inda asibitocin koyarwa suke. Waɗanda ke ganinsa a waɗannan kwanaki su ne matarsa ko mahaifiyarsa, da limamin masallacin unguwa, da mai kemis ɗin da yake sayen maganin ciwon kai a wurinsa, da malamin asibitin sha-ka-tafi, wani lokaci har da mai shagon maganin feshin gona. Saboda haka duk wani shiri na rigakafin kashe kai a wannan yanki ya rataya ne a wuyan waɗannan mutane, wato abin da suka sani, da abin da suke tsoro, da kuma ko akwai hanya a buɗe gabansu idan suka yanke shawarar kai mutum inda za a duba shi.

Giade ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Bauchi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 157,000, mafi yawansu manoma da makiyaya masu magana da Hausa da Fulatanci, kuma a tarihi tana cikin ƙasar Katagum, wadda aka mayar da fadarta Azare a 1916. Mara lafiya a nan yana farawa ne daga cibiyar lafiya ta matakin farko a mazaɓarsa, sai babban asibitin Giade, sai asibitin tarayya na Azare, garin da aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a 2021. Idan larurar ƙwaƙwalwa ta yi tsanani, akan nufi asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na tarayya da ke Maiduguri, kuma kowane ɗaya daga cikinsu tafiyar sa'o'i ce da ke cin kuɗin mota na mutum biyu ko uku, tun da ba a tura irin wannan mara lafiya shi kaɗai.

Adadin da ba ya shiga littafi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 720,000 ne ke mutuwa ta hanyar kashe kansu a kowace shekara, kuma a 2021 kashi 73 cikin ɗari na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, sannan a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 wannan shi ne sanadin mutuwa na uku mafi girma. A ƙiyasin 2019, yankin Afirka ne ke kan gaba da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu a yawan masu mutuwa.

Game da Najeriya, ƙiyasin hukumar na 2016 ya ninka na 2019 fiye da sau biyu, kuma dalilin wannan tazara shi ne lissafin ya dogara a kan hasashe, domin mace-mace kaɗan ne ake yi wa rajista tare da rubuta sanadinsu. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalilai: akan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan kamar yadda addini ya koyar, iyali kuma sukan ce gajeriyar rashin lafiya ce ko tsautsayi, don gudun abin kunyar da zai bi gidan har ya taɓa auren 'ya'yansa, ga kuma tsoron 'yan sanda. Wannan shiru ne ya sa mutane da yawa ke ganin kashe kai matsalar Turawa ce ko ta 'yan birni, amma ƙarancin rahoto ba hujja ba ce ta ƙarancin abin da ke faruwa.

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa ba dalili ɗaya ke kai mutum ga wannan hali ba, abubuwa ne ke taruwa. Akwai ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke ɗaukar aƙalla mako biyu, yana hana barci da cin abinci, yana kashe sha'awar aiki da hulɗa, yana sa mutum ya ga kansa a matsayin kaya a wuyan danginsa. Akwai shaye-shaye, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna ya shafi mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, kuma ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Akwai ciwo mai daɗewa irin su farfaɗiya da yoyon fitsari, da rikicin gida, da auren dole, da bashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tsadar rayuwa ta matsa wa magidanta, sai ga ambaliyar daminar 2024 da ta shafi Giade da Shira da Katagum, ta cinye gonaki, ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare. Mafi yawan waɗanda irin wannan ya faɗa wa sukan jure, amma manomin da ya ci bashin taki, ruwa ya tafi da gonarsa, kuma dama yana fama da damuwar da ba a gano ba, yana cikin hatsarin da maƙwabcinsa ba ya ciki.

Dokar da ke korar mara lafiya

Sashe na 231 na dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu kuma ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Tushen wannan hukunci dokar Ingila ce, ita kuwa Ingila ta soke shi tun 1961. Illarsa ta fi bayyana a wajen kotu, domin iyalin da suka tsinci ɗansu a wani hali sukan tsaya shawara ko su kai shi asibiti ko su ɓoye shi a ɗaki su ba shi madara da manja, malamin asibiti kuma yakan rubuta wani abu dabam a kati don kada ya jawo wa kansa zuwa caji ofis. Ta haka ake rasa sa'o'in farko da ake iya ceton rai a cikinsu, a kuma rasa damar bibiyar mutumin da ya fi kowa bukatar bibiya, tun da yunƙurin da ya gabata shi ne alama mafi ƙarfi ta yiwuwar wani a gaba.

Ƙasashe da dama sun janye wannan hukunci a 'yan shekarun nan, ciki har da Ghana a 2023, da ƙasashen Musulmi irin su Fakistan a 2022 da Malesiya a 2023. A cikin gida, jihar Legas ta maye gurbin ɗauri da umarnin kotu na kai mutum asibiti. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka bayyana sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da ta samo asali daga ta 1916, ta ba mara lafiya haƙƙoƙi, ta kuma umarci a shigar da kula da ƙwaƙwalwa cikin asibitocin matakin farko, amma ba ta taɓa hukuncin yunƙurin kashe kai ba. A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau maƙwabciyar Giade, ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030, sannan a Oktoban 2024 ta kafa kwamitin da zai jagoranci cire hukuncin. Sai dai kundin laifuffuka na kowace jiha a hannun majalisar dokokinta yake, don haka abin da za a yi a Abuja ba zai isa Giade ba sai Majalisar Dokokin Bauchi ta yi nata aikin, an kuma sanar da 'yan sanda da alƙalai da ma'aikatan lafiya a sarari.

Abin da addini ya ce gaba ɗayansa

Babu saɓani a kan cewa Musulunci ya haramta kashe kai, kamar yadda ya zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da hadisai ingantattu, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa riƙo da addini da zama cikin jama'a suna kare mutane da yawa. Matsalar tana tasowa ne idan aka tsaya a kan haramcin kaɗai, har mai fama da irin wannan tunani ya ɗauka cewa furta shi ma fita ce daga imani, sai ya yi gum. Fiƙihu ya fi haka faɗi. Hadisi ya tabbatar da cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, jumhurun malamai, ciki har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa, sun tafi a kan cewa wanda ya kashe kansa Musulmi ne mai zunubi da ake yi wa wanka da salla, kuma a cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail bin Amr, rashin lafiya ta galabaitar da shi har ya yi sanadin mutuwar kansa, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Limamin da ya haɗa haramcin da rahama da umarnin neman magani a huɗuba ɗaya ya buɗe wa mai damuwa ƙofar magana, ya kuma sauƙaƙa wa iyalin da aka yi wa rasuwa, waɗanda su kansu suna cikin hatsari idan aka ƙaurace musu a zaman makoki.

Haka al'ada take da fuska biyu. Haƙuri da kunya da tawakkali ginshiƙai ne na tarbiyya, amma kalmar “yi haƙuri” takan zama hanyar rufe zance tun kafin a ji abin da ke damun mutum, namiji kuma an koya masa cewa kuka da kai ƙara ba nasa ba ne. Idan hali ya sauya, fassarar farko takan zama iska ko sammu, sai a nufi mai ruƙiyya ko mai rubutu ko boka. Wannan ba laifi ba ne a kansa, domin a can ne iyali ke samun mai sauraronsu cikin harshen da suke fahimta. Laifin yana zuwa ne idan aka ɓata watanni ba a ga ma'aikacin lafiya ba, ko aka kai ga mari da duka da horon yunwa, irin abin da samamen 'yan sanda ya bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 da Daura a watan da ya biyo baya.

Najeriya tana da tarihin haɗa waɗannan ɓangarori biyu. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar maganin asibiti, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankalin da ke hannun masu maganin gargajiya da na addu'a sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na matakin farko suna zuwa suna duba su suna ba da magani. Arewa ma ta ga irin wannan a yaƙi da shan inna: bayan ƙaurace wa rigakafin cutar a 2003, shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi a 2009, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, na cikin abin da ya kai ga tabbatar da kawar da cutar a Agustan 2020.

Horon da ake bukata

Masana suna da wani nau'in horo da suke kira na masu tsaron ƙofa, wato a koya wa mutanen da ba likitoci ba, amma aikinsu na haɗa su da jama'a kullum, yadda za su gane mai hatsari su kai shi inda ya dace. Matsayinsu kamar na zaure ne a gidan Bahaushe, wanda ba a isa cikin gida sai an bi ta cikinsa. A Giade su ne limamai da malaman Islamiyya, da masu unguwanni da ardo-ardo, da unguwarzoma, da malaman sakandare, da masu kemis, da shugabannin 'yan acaɓa da na 'yan kasuwa, da matan da ke bin gida-gida don rigakafi, da fastoci a inda akwai mabiyansu.

Darasi na farko shi ne alamu. Mutum ya janye daga majalisa da jam'i, ya daina zuwa gona ko kasuwa, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa cewa gara ya huta ko ya gaji da duniya ko iyalinsa za su fi jin daɗi ba shi, ya fara raba kayansa da biyan basussuka da neman gafarar mutane ba tare da wata tafiya a gabansa ba, ko kuma ya sami natsuwa kwatsam bayan doguwar damuwa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fage fuska ba ta wadatarwa, domin mai kunya ya iya ɓoye abin da ke ransa, shi ya sa darasi na biyu shi ne tambaya ƙarara, a keɓe, cikin ladabi: ko tunanin kashe kansa yana zo masa. Mutane da yawa na tsoron kada tambayar ta dasa tunanin, amma nazarce-nazarce sun nuna ba ta ƙara hatsari, sau da yawa ma tana sauke wa mutum nauyi, don ya ga an sami wanda bai gudu ba.

Darasi na uku shi ne sauraro ba tare da gaggawar wa'azi ko tsawa ko kwatanta shi da waɗanda suka fi shi wahala ba. Nasiha tana da lokacinta bayan ya gama magana. Na huɗu shi ne matakin kariya: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sanar da wani babba da shi ya amince da shi, kada kuma a yi masa alkawarin rufe sirrin da ransa ke ciki. Na biyar shi ne a raka shi asibiti ƙafa da ƙafa, domin “je ka ga likita” umarni ne da mai ciwon damuwa ba kasafai yake da ƙarfin bi ba.

Su kuma malaman asibiti da nas-nas akwai littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ƙarƙashin shirin mhGAP, wanda aka tsara don ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gano ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da shaye-shaye da hatsarin cutar da kai, ya fara magani, ya san lokacin turawa gaba. Najeriya ta daidaita shi da yanayinta, kuma tun manufar 1991 ta amince cewa lafiyar ƙwaƙwalwa ɓangare ce ta kiwon lafiya matakin farko. Wurin da ya fi dacewa a dasa wannan ilimi shi ne makarantun da ke yaye ma'aikatan, irin su kwalejin fasahar lafiya ta Ningi, da kwalejin ilimi ta Aminu Saleh a Azare ga malaman makaranta. Abin lura shi ne bincike ya nuna horon kwana biyu yana ƙara sani da ƙarfin gwiwa, amma yana dusashewa cikin watanni idan babu maimaici da mai sa ido, kuma ba ya ceton rai idan wanda aka horar ya kai mutum asibiti ya tarar babu magani ko babu wanda ya san abin yi.

Maganin ƙwari a ɗakin kwana

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya suna mutuwa ne ta hanyar magungunan ƙwari, galibi a yankunan noma, kuma dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne tsananin tunanin yakan zo ne na ɗan lokaci, wani sa'in mintuna ko sa'o'i bayan faɗa ko mummunan labari. Idan abin da ke kusa ba mai kisa ba ne, ko babu shi a kusa, mutum yakan tsira, kuma nazarin da ya bi waɗanda suka tsira na tsawon shekaru ya nuna kusan tara cikin goma ba su mutu ta wannan hanya daga baya ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi guba mataki-mataki, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, an ƙiyasta an ceci rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015, kuma amfanin gona bai ragu ba.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari na gona a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu akan ɗura irinsa a kwalabe marasa lakabi a sayar don sauro da kuɗin cizo. A yankin da ake noman wake da gyaɗa da riɗi, maganin feshi da na ajiya yana kwana ɗaki ɗaya da mutane. Matakan da ke hannun jama'a su ne a sayi daidai bukata, a kulle ragowar a wajen ɗakin kwana, mabuɗi yana hannun babba, a fitar da shi daga gidan gaba ɗaya idan akwai mai damuwa, mai shago kuma ya koyi dakatawa idan wanda ba manomi ba ya zo a ruɗe ba lokacin feshi ba. Buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, suna kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, don haka malamin gona da ke tallata su yana rage guba a gidaje ko da bai taɓa jin sunan lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

Agajin gaggawa da bibiya

Layin wayar agaji, wato lambar da mai ƙunci zai kira a kowane lokaci ya sami mai sauraro da aka horar, ya samo asali ne daga ƙungiyar Samaritans da Chad Varah ya kafa a Landan a 1953, Amurka kuma ta mayar da nata lamba uku, 988, a Yulin 2022. A Najeriya akwai shirin SURPIN da aka fara a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, wanda ya ware layi don masu jin Hausa, da ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Amfanin waya a bayyane yake ga mai jin kunyar a gan shi a ƙofar asibiti, amma tana da iyaka a inda waya ɗaya ce a gida kuma tana aljihun maigida, ko babu kati, ko sabis na ɗaukewa, sannan mai amsawa daga Legas ba zai iya turo kowa Isawa da tsakar dare ba. Layin da zai yi aiki a nan shi ne na kyauta, mai Hausa da Fulatanci, mai murya mace ga mai son mace, wanda ke haɗe da wani ma'aikaci sananne a babban asibitin Giade da na Azare.

Idan har mutum ya riga ya sha wani abu, wajibi ne a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar, ba tare da ɗura masa komai ko tilasta masa amai ba. Bayan sallama ne aiki mafi arha kuma mafi tasiri yake farawa. Wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, wanda aka buga a 2008, ya bi mutum 1,867 da suka yi yunƙuri: waɗanda aka yi wa bayani na sa'a guda aka kuma riƙa tuntuɓarsu ta waya ko ziyara har wata 18, kashi 0.2 cikin ɗari ne suka mutu ta wannan hanya, sauran kuwa kashi 2.2. Al'ummar da ta saba da dubiya da gaisuwar mara lafiya ba ta bukatar a koya mata ziyara, abin da take bukata shi ne ta yarda cewa wannan ma mara lafiya ne da ya cancanci a duba shi.

Adalci a wajen kulawa

Abin da ake nufi da adalci a nan shi ne kada harshen mutum, ko jinsinsa, ko aƙidarsa, ko nisan garinsu, ko aljihunsa su rage ingancin kulawar da yake samu. Mai ciwon damuwa a ƙauye ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Yakan ce zuciyarsa na bugawa, ko kansa ya yi nauyi, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa, sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot a sallame shi. Tambayoyin gwaji da aka rubuta da Turanci, ma'aikaci yana fassarawa da ka, kowa da irin tasa fassarar, ba za su kama wannan ba sai an daidaita su da yadda mutane ke faɗin ciwonsu. Bafulatanar da ba ta sake da Hausa ba, aka sa ɗanta ko mijinta ya yi mata tafinta, ba za ta faɗi abin da ke ranta ba, musamman idan mai tafintar yana cikin abin da ke damun ta.

Mata suna da nasu shingen: neman izini kafin fita, da rashin kuɗin hannu, da ɗakin awo da ba shi da sirri. Amma awon ciki da rigakafin yara su ne lokutan da mace ke haɗuwa da ma'aikaciyar lafiya a kai a kai, kuma tambayoyi biyu ko uku game da barci da walwala a lokacin jego suna iya gano damuwar bayan haihuwa kafin ta yi nisa. Zimbabuwe ta nuna cewa ba sai mai digiri ba: shirin bencin abota da Dakta Dixon Chibanda ya fara a Harare a 2006 ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu damuwa su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya tabbatar da amfaninsa. Game da kuɗi, magungunan damuwa da na farfaɗiya na asali ba su da tsada, amma sai an sa su cikin abin da asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Bauchi ke biya, sannan talaka zai iya shan su wata shida ba yankewa.

Kafofin labarai ma suna da hannu. Bayan da jaridun birnin Biyana na Ostiriya suka amince a 1987 su daina zuzuta irin waɗannan labarai, mace-macen da ake yi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa sun ragu ƙwarai. Rahoton da ya ambaci hanya da sunan abin da aka sha, ya sa hoto, ya ɗora komai a kan dalili ɗaya kamar saki ko faɗuwa jarrabawa, yana iya zama darasi ga mai rauni, kuma wannan ya shafi rediyo da masu shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp daidai wa daida. Shirin da ya kawo wanda ya shiga ƙunci ya fita, ya kuma faɗi inda ake samun taimako, yana rage hatsari.

Ayyukan a rabe suke, kuma kowanne yana da mai shi. Majalisar jiha ce ke da gyaran doka. Hukumar lafiya matakin farko ce ke da horar da ma'aikata da ajiye magani da littafin da za a riƙa rubuta yunƙuri ba tare da fallasa suna ba. Asibitin Azare da jami'arsa ne ke da sa ido da karɓar waɗanda aka turo. Masarauta da malamai ne ke da kiran limamai da masu unguwanni zuwa horo. Malaman gona da 'yan kasuwa ne ke da batun guba. A shekarun farko alamar nasara za ta zo ne a siffar da za ta iya ruɗar hukuma, domin adadin da ke cikin littafin asibiti zai ƙaru, tun da waɗanda a da ake ɓoyewa a ɗaka sun fara isowa da ransu, kuma bai kamata a ɗauki wannan ƙaruwa a matsayin dalilin dakatar da shirin ba.